Mai Ƙanƙara a Kwangila

Tun kafin ladan ya gyara murya nake tashi,
in dafa firiza, in ji ko wuta ta yi mana adalci da dare.
In ta yi, ruwa ya zama dutse.
In ba ta yi ba, ruwa yana nan ruwansa,
ni ma ina nan yadda nake.

Baba Mai Ƙanƙara suke ce mini a Kwangila.
Masu zoɓo, masu kunun aya,
yaran da ke bin motocin Funtuwa da bokiti a ka,
babu wanda ya san Lawandi mai lamba bakwai,
wanda ya kan kwashi ƙwallo daga tsakiyar fili
ya bar mutum uku suna neman ƙafafunsu.

Hoki. In na faɗa sai su ce, me?
Sai in ɗage wando in nuna musu ƙwaurina.
Ƙwallon bai fi ƙwan agwagwa ba,
amma ga rubutunsa nan, shekara arba'in bai goge ba.

Mu sha ɗaya ne.
Barau mai tsaron raga yana gadin wani gida a Hanwa,
har yau sana'arsa ɗaya: hana shiga.
Ishaya na Wusasa, da iska ke bi a baya,
ciwon suga ya karɓi ƙafarsa ta hagu,
wadda ma ya fi ji da ita.
Mamuda ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko.
Wasiƙa biyu, sai shiru.
Gambo kuwa bara da damina muka raka shi.
Sahu ya kai biyar,
amma mu uku kaɗai muka san
hannun nan da aka naɗe a likkafani ya taɓa ɗaga kofi
har hotonsa ya fito a jarida,
jaridar da aka ƙulle tsire da ita washegari.
Sauran ban sani ba. Allah ya sa suna cin tuwo.

Filin an yanka shi fuloti-fuloti.
Daidai inda raga take, wani yaro ke cajin waya.

Jiya jikana Sadi ya miƙo mini tasa wayar:
Kaka, ga irin wasanku.
Na duba. Wasu ƙarti ne da hular kwano,
wuƙaƙe a ƙasan takalmansu,
suna sulɓi da sanduna a kan farin fili.
Na ce, wannan siminti ne?
Ya ce, ƙanƙara ce.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Jarina suke takawa!
Filin nan in nawa ne,
da Zariya ta sha ruwan sanyi azumi uku a jere,
daga Samaru har Ƙofar Doka.

Da dariyar ta lafa na tambaye shi:
su ma in gwiwa ta ƙi, ina suke zuwa?
Ya latsa, ya latsa, ya ce wayar ba ta nuna su ba.
Na ce bar wahalar da yatsa.
Mu da muka yi gudu a kan ƙasa ma sawunmu ya ɓace,
balle wanda ya yi a kan abin da ke narkewa.

Sandata tana nan bayan firiza,
da ita nake jawo ƙanƙarar da ta maƙale a lungu.
Da la'asar ɗin nan wani ɓalli ya faɗo,
ɗan daidai, kamar an auna.
Na waiga. Ba kowa.
Na taɓa shi dama, na taɓa shi hagu,
ƙuguna ya yi ƙara, na yi kamar ban ji ba,
na zura shi tsakanin ƙafafun benci.

Ya shiga.

Na tsaya riƙe da sanda ina kallonsa
yana zama ruwa a hankali,
har wata yarinya ta leƙo da kula a hannu:
Baba, ta ɗari biyu, in ji Mama,
wai a ba da mai ƙarfi.