Aikin Dare a Manchesta

Ƙarfe uku na dare, gado na tara,
ruwan Manchesta na bin gilashin taga
kamar tulun da ya tsage ta gindi.
Na zo juya tsoho Holroyd ta gefen hagu,
ya riƙe hannuna, ya ce, ke 'yar ina ce a duniya?

Na ce Funtuwa. Bai san ta ba.
Na ce garin auduga, sai ya buɗe ido.
Shekara talatin ya yi gaban injin saƙa
har kunnensa na dama ya mutu.
Wata Juma'a aka kashe injin, aka miƙa masa agogon bango,
aikin ya hau jirgin ruwa ya nufi gabas,
babu sallama, bare waiwaya.

Ban ce masa komai ba, na gyara matashi.
Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.
Babana Sallau ya dawo daga Kakuri da irin wannan shirun,
da kwanon abincinsa bai ko buɗe ba.
A shekarar atamfa mai araha ta cika kasuwa,
Inna ta sayi turmi uku da kuɗin guda,
ta yi kyau ranar Sallah, wallahi ta yi kyau,
Baba ya duba bakin zanen, ya murza da yatsa,
ya ce, sai dai ba ta kai damina biyu ba ta koɗe baya.

Ƙarfe huɗu, hutun shan shayi.
Na danna waya, kuɗi suka isa gida
tun kofin bai huce ba.
Su suka ɗora sola kan rufin Inna,
su suka kai Ɗanjuma aji uku a jami'a.
Ga fuskarta nan cikin tafina, tana alwala,
har carar zakaran maƙwabta ina ji.
Wa zai zagi hanyar da ta kawo masa wannan?
Ni dai ba zan yi ƙarya.

Sai ta ce, Gwaggo Kande ta kwana a asibitinku,
nas ɗaya ce ga gado arba'in,
tun la'asar take jiran a sa mata ruwa.
Kujerar da na tashi a kai har yau tana nan wayam.
Harajin masu tumatir ne ya koya mini neman jijiya,
can aka shuka ni, nan ake girbi,
kuma ni na kawo kaina, da ƙafata, da biza,
to wa zan nuna da yatsa ban ji kunya?

Jiya a kanti na ga zoɓo cikin ɗan kwali,
ƙulli ashirin, kuɗin tiya nawa a Bakori.
Na yi tsaki. Sai na tuna Kawu Jatau
da zoɓon ya sayi babur, ya rabu da tafiyar ƙasa.
Na mayar da kwalin, na sake ɗauka,
na tsaya nan tsakiya.

Gari ya fara wayewa, tsoho na rawar sanyi.
Na jawo bargo, idona ya faɗa kan tambarinsa:
wata ƙasa ce da ni da shi ba mu taɓa takawa ba.
Can ma akwai wata yarinya a kan keken ɗinki yanzu haka,
tana lissafin abin da za ta aika wa uwarta.
Ko wa ya rasa aiki ta samu, ba ta sani ba.
Na lulluɓe shi har wuya.