Zobe a Ƙafar Shamuwa

A Mai Wurno, gab da kogi, gidanmu yake,
da tsamiyar da ta girme mu duka.
Na tsufa ina shan inuwarta,
ban taɓa ƙirga sheƙun da ke kanta ba.
Sauda ta ƙirga. Tara ne, ta ce, ɗaya ta rushe.

'Yar ƙanwata ce, daga jami'a ta zo
da madubin hangen nesa, da agogo,
da littafi mai layi-layi wanda ba a taɓa mata.
Aikina riƙe tsani,
sai yin shiru, wanda ya fi tsanin nauyi.

Kafin ladan ya gyara murya tana kan tabarma.
Biyar da kwata, namiji ya tashi.
Shida saura, ya dawo ya amayo wa 'ya'ya fara.
Na ce, kai, dubi uba mai tausayi!
Ta ce, Kawu, tausayi ba ya shiga wannan layi.
Abin da ido ya gani shi ake rubutawa:
ya sauka, ya buɗe baki, sun ci.
Abin da ke ransa, tsakaninsa da Mahalicci.

Ran da rana ta kwalle har ƙasa na huci,
uwar ta juya wa rana baya, ta ware fukafukai,
ta tsaya cak, inuwarta a kan 'ya'ya,
bakinta buɗe, maƙogwaro na rawa.
Sauda ta rubuta: minti tamanin da uku.
Sai dai na ga ta kai gefen mayafi ido.
Ban ce komai ba. Shiru ai aikina ne.

Kaka Tabawa tana da nata karatun.
In shamuwa ta bar nan, in ji ta, yamma take yi,
ta bi sawun da iyayenmu suka tako
suna neman Makka, tafiya ta ajiye su nan.
Duk kaka sai ta ɗaga kai ta ce,
in kin isa, ki gaida mutanen gida.

Muka kama guda da raga, da lallashi.
Zuciyarta na bugun tafin hannuna.
Zobe a ƙafa, 'yar na'ura a baya,
ba ta kai gidan ashana ba.
Da dawa ta nuna, tsamiya ta wayi gari wayam.

Sauda ta buɗe kwamfuta: ɗigo ja yana tafiya.
Ba yamma ya nufa ba.
Kudu, kudu dai, bin ruwa, bin fara,
ƙasashen da harshena bai iya sunansu ba.
Wa zai gaya wa Kaka?

Mun same ta tana yanka kuɓewa.
Ta saurara, wuƙa ba ta tsaya ba.
To, ta ce, ashe shekara saba'in
baƙi nake gaidawa.
Ba laifi. Gaisuwa ba ta ɓata,
duk inda ta sauka akwai mai amsawa.

Daga baya ɗigon ya tsaya, ya dushe.
Ko batir, ko maharbi, ko igiya ta tsinke.
Sauda ta rubuta: ba a sani ba.
Na leƙa littafin, na ga kalmar nan
ta fi kowace yawa, kuma ba ta jin kunyarta.

Bana aiki ya kai ta wani gari,
ta bar mini agogon da littafin.
Jiya hadari ya haɗo daga gabas,
wata ta sauka kan reshen kudu,
bayanta babu komai, zobe na walƙiya a ƙafa.

Hannuna ya so ya rubuta: ta yi kewarmu.
Na hana shi.
Na rubuta: biyar da rabi, ta sauka, ta gyara kara.
Sannan na rufe littafin,
na ɗaga kai na ce, sannu da zuwa.