Zurfin Layi

Ƙarfe biyun dare a Brno.
Taragon ƙarshe ya ratsa ta ƙasan taga
ya bar mini tsamin ƙarfe a haƙora.
Daga ni sai shayin da ya huce,
sai wata lamba da ta hana ni barci.

Talatin da biyu.
Haka Zdenek Havlat ya dasa a zuciyar manhaja
tun ina koyon ɗaure igiyar takalmi,
zamanin da faifai ke juyi kamar dutsen niƙa,
allura na lalube, umarni na gyangyaɗi a layi.
A gefe ya bar kalma biyar kacal:
"Kar a ƙara. Na gwada."

Amma ma'adanar yau ba ta juyi.
Ba allura, ba ƙugi, tsawonta ɗan yatsa,
ga cika baki:
"Ku turo dubu, ko tauna ba zan yi ba."
Na gaskata ta. Na wangale ƙofa har bango.

Jadawali ya yi tsalle, Radim ya tafa,
har ya yi alkawarin sayen abincin rana.
Ni kuwa idona na can ƙarshen layi
kan wani ɗan umarni, ƙanƙane,
harafi goma ya zo karantawa ya tafi,
ga shi a bayan ƙarti ɗari tara
kowanne da buhun rubutu a ka.
Ya jira. Ya jira.
A wani gari wata mata ta danna allo
ta ga ƙawanya na zagaye kanta,
ta tsine wa wanda ba ta sani ba.
Ni ce.

Da gari ya waye na kira Zdenek a Tisnov.
Ya bar aiki, zuma yake kiwo yanzu,
ina jin gunjinsu ta cikin waya.
Bai tambayi sunan na'urar ba.
Ya ce, "Vendula, bakin amya
in ka toshe, su mutu da yunwa,
in ka yage, su tattake juna a ƙofa.
Ni ban san lambarki ba.
Tawa ma tsoro ne ya ba ni rabinta."
Sai ya ce hayaƙinsa zai mutu, ya kashe.

Na koma na yi ta ragi kamar mai ciniki.
Ɗari biyar, ƙaramin na kuka.
Sittin da huɗu, ma'adana na hamma.
Ɗari da casa'in da biyu:
jadawali ya ɗan rusuna,
ƙaramin ya shiga ya fita ban ko ƙifta ba.

Radim ya janye abincin rana.

Na aika facin, layi uku,
na goge kalmomin Zdenek, hannuna na rawa,
na rubuta nawa a gurbinsu
don wata yarinya da yau take rarrafe:
"Daidai ruwa, daidai tsaki.
Ruwanki zai fi nawa. Ki sake aunawa."