Tutar Iska

A Lesotho, can ƙololuwar duwatsun Maluti,
filin jirginmu bai fi gonar masara biyu ba.
Farkonsa dutse, ƙarshensa rami,
can ƙasa kogin Senqu, siriri kamar zare.
Aikina korar tumaki in na ji ruri,
da ɗinke tutar iska a kan sanda.

Tutar ta yage tun Talata.
Na ce sai gobe.

Ntate Mokhethi ke koyarwa.
Shekara talatin yana sauke magani da gari a tsaunukan nan.
Yakan ce wa ɗalibai:
"Iskar tudu kunun marowaci ce,
da sassafe da ɗan kauri,
rana na yin tsaka ta tsinke,
fiffike ya laluba ya rasa abin kamawa."

Ran Juma'a ya zo da Limpho,
ɗan littafi ɗaure a cinyarta,
tana lissafin nauyi: mai, mutum biyu,
da buhun gashin akuya
da wata tsohuwa ta roƙa a kai mata Maseru.
Da hantsi suka so tashi,
sai shayi, sai gaisuwa, sai sa hannu a takarda,
har inuwa ta shige ƙarƙashin doki.

Suka kalli sanda. Tsumma ke reto,
bai ce gabas ba, bai ce yamma ba.
Ni kuwa a ƙeyata na ji ta,
iskar na bin su ta baya.
Na ɗaga bargona.
Ta ɗago min hannu, tana murmushi.

Jirgin ya sheƙa,
ya wuce farin dutsen da ake ɗagawa a kansa
tayoyi na manne da ƙasa.
Ya ɗaga hanci kamar maraƙi na neman nono,
kamu ɗaya, kamu biyu,
wani ƙaho na kuka a cikinsa,
sai fiffiken hagu ya sunkuya.

Ƙarar ba ta kai yadda kuke zato ba.
Kamar kwanoni sun zube a gidan maƙwabta.

Muka gangara da dawakai da igiya.
Warin mai, gashin akuya a kan kowace ƙaya.
Limpho na zaune, ƙafarta ta juya inda ƙafa ba ta juyawa,
tana ta nanata lambobi.
Shi kuwa hannunsa na kan totur, ya danna shi har ƙarshe,
agogonsa na ci gaba da tafiya.

Masu bincike suka zo da ma'auni,
suka rubuta zafi, nauyi, tsayin dutse.
Ba wanda ya tambaye ni ina allurata.

Bana ta dawo, tana ɗingishi, da nata ɗalibin.
Ƙarfe shida, raɓa ta daskare a ƙasa.
Kafin ta taɓa jirgi ta tsaya gindin sanda,
ta daɗe tana duban ɗinkin,
layi uku, jan zare.
Duk da haka ta tsinki ciyawa ta watsa sama,
ta tsaya ta ga inda za ta faɗi.