Ma'ajiyar Kawu Sallau

Malamarmu a Bayero ta zana ɗakuna uku a allo.
Na farko zaure ne, ta ce, baƙo ba ya kwana:
ƙarar babur, walƙiyar madubin mota,
kafin ka ce kwabo sun wuce.
Na biyu ɗan tebur ne irin na mai goro,
abu bakwai yake ɗauka, wani lokacin ko hakan bai kai ba,
ka ɗora na takwas, ɗaya ya gangaro.
Na uku kuwa, sai ta ajiye alli ta ware hannuwa:
wannan babu wanda ya taɓa dafa bangonsa.

Na kwafe tsaf. Na ci jarrabawa.
Sai na koma Fagge, gidan Kawu Sallau.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana taka keke a lungun teloli.
Yanzu yakan dube ni ya ce, "Yarinya, 'yar gidan wa?"
In ce, "Ummita ce, ta wajen ƙanwarka Asabe."
Ya ce, "Madalla." Ya kurɓi shayi.
Kafin kofin ya huce:
"Yarinya, 'yar gidan wa?"
Teburinsa ya karye a ƙafa,
duk abin da aka ɗora, ƙasa.

Ranar Laraba aka fito da keken za a sayar.
Mai saye ya ɗiga masa mai don ya ji kukansa,
warin ya ratsa tsakar gida,
Kawu ya miƙe, ya manta sanda.
Ya zauna. Ƙafa ta sami feda kamar jiya suka rabu.
Ya lashi zare ya zura a allura, sau ɗaya tak,
ni mai lafiyar ido sai na gwada sau uku.
Ya jawo tsohon zanen Inna
ya bi bakinsa da kalmasa, ba karkata ko ta gashi,
baki na ta zuba:
"Alhaji Mamuda na Kwari,
kafaɗa sha tara, tsawo hamsin da shida,
ba ya son wuya ya matse shi,
kuma har yau ina bin sa naira huɗu."
Alhaji Mamuda ya rasu tun ban zo duniya ba.

To Malama, wannan wane ɗaki ne?
Ta ce ajiyar hannu daban,
ta suna daban, ta abin da ya faru da kai daban,
gobara kan cinye rumfa ta tsallake maƙwabciyarta.
Ta ce tunawa ba ɗauko riga ba ce a ninke daga adaka,
ɗinki ne, duk ranar da ka nema
sai an sake haɗa ƙyallayen,
wani ma ba na yadin ba ne.

Na yarda, don Inna da yayarta Tasalla
har gobe suna musu kan ƙofar gidansu na Yakasai,
wannan ta ce shuɗiya, waccan ta rantse koriya,
gidan kuwa tuni titi ya bi ta kansa.

Ba mu sayar da keken ba.
Mai saye ya karɓi kuɗin motarsa ya tafi yana gunaguni.
Bayan la'asar Kawu ya ɗago daga ɗinki,
ya ƙura mini ido, ya laluba awo a wuyansa:
"Kafaɗar Asabe ce wannan. Sha huɗu da rabi."
Sunana bai zo ba.
Na juya masa baya, na tsaya cik,
na bar shi ya auna.