Keken Sanduna

Cikin kayan gwanjon da suka sauka daga Kwatano
a bakin Babbar Kasuwar Maraɗi,
tsakanin tsohon firij da keken ɗinki mara ƙafa,
na tsinci wani ƙarfe mai taya biyu,
dogon wuya gare shi kamar zalɓe,
da ɗamara biyu da ba su ɗaure kowa ba.
Jikka uku na biya.
Mai kayan ya ce, "Tsahiru, ko ni ban san sunansa ba."

Kwana uku yana jingine a rumfar waldata.
Ɗan kabu-kabu ya ce keken guragu ne da bai gama girma ba.
Mai shayi ya ce maratayin ruwan asibiti ne.
Yara suka hau, suka faɗi, suka sake hawa.

Ran Laraba Baba Nomau ya biyo
da buhun zogale daga fadamar Gulbi,
kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu kusa da ƙasa.
Ya tsaya. Ya sauke buhu.
Ya dubi ƙarfen
kamar wanda ya haɗu da tsohon abokin gaba a gidan suna.

"Wannan," in ji shi, "shi ya raba ni da tuwona.

Ina saurayi na tafi cin rani kudu,
wani fili da ake ba ciyawa ruwa
a kuma hana akuya ci.
Manya na bugun ƴar ƙwallo kamar ƙwan zabo,
su bi ta da ƙafa, su jefa a rami, su ciro,
rami goma sha takwas kafin azahar.
Golf suke ce masa.
Jakar sandunan kuwa, mu ke saɓawa.
Sha huɗu ne, kowace da halinta,
na san wadda za a nema tun maigida bai buɗe baki ba,
na san inda iska ta dosa,
na san inda ƙasa ta karkata.

Sai aka kawo wannan, mai taya biyu, ana ja.
Ba ya cin abinci, ba ya zazzaɓi,
ba ya cewa uwarsa ta rasu a ba shi kwana uku.
Bayansa mai taya uku ya zo, shi tura shi ake,
har da birki da wurin kafa laima.
Na ji an yi mai batir, yana tafiya da kansa.
Jikana ma ya nuna mini wani a waya
yana bin mai shi a baya kamar ɗan tunkiya.
Amma duk cikinsu, Tsahiru,
wanne ya taɓa cewa, ranka ya daɗe, ba wannan sandar ba?"

Ya yi dariya da haƙoransa huɗu.
Ya sunkuya zai ɗauki buhu.
Na ce gobe ya biyo da sassafe.

Da dare, da wuta ta dawo,
na yanke wuyan, na ƙara masa kamu ɗaya,
na cire tayoyin ciyawa masu tsoron ƙaya,
na sa na tsohuwar kurar ƴan ga-ruwa,
na shimfiɗa masa gindi da ƙarfen gado.
Ɗamarar na bar ta, har yanzu da sauran ƙarfinta.
Tartsatsi na tashi, ina tunani:
amalanke, baro, kura, da wannan baƙo,
duk dangi ne, kakansu ɗaya,
wuyan mutum da ya gaji da gammo.

Da safe ya zo. Bai yi saurin godiya ba.
Ya zagaya shi sau biyu, ya taɓa waldar da yatsa,
ya ɗaure buhun, ya ja, ya tsaya, ya sake ja.
"To," ya ce wa ƙarfen, ba ni ba,
"shekara arba'in ina jiran wannan rana.
Yau kai ne yaron."

Suka gangara hanyar kasuwa su biyu,
yana gaba, hannu ɗaya a baya,
tayar hagu na ɗan kuka cikin rairayi.

In ya biyo gobe zan ɗiga mata mai.