Asalin Tafasa

A gefen layin dogo, bayan masaƙar Kakuri,
inda injuna suka yi shiru tun ina firamare,
na tsuguna na tumɓuke ta da saiwarta,
na karkaɗe ƙasar a gwiwar wandona.
Dakta Yashim ya ce kowa ya kawo tsiro guda,
a danne shi tsakanin tsofaffin jaridu,
a rubuta masa suna da dangi da mahaifa.

Na ce wannan ai ba sai an buɗe littafi ba.
Tafasa ce. Wa bai san ta ba?
Da ita Goggo Tasalla ta rufa mana asiri
a daminar da aka sallami Baba:
ta dafa, ta matse, ta zuba ƙuli da barkono,
mu bakwai muka sa wa faranti ɗaya hannu.

Na ƙirga ganye shida, bibbiyu suna kallon juna,
da magariba su haɗe kamar mai jin kunya.
Fure rawaya.
Kwasfa siririya, lanƙwasasshiya kamar lauje.
Dangi kuwa ba su yi wuyar samu ba:
ashe gidansu ɗaya da wake da gyaɗa,
tsamiya da ɗorawa su ne manyan gidan,
rai-ɗore kuma ɗan ɗakinta ne,
shi ya sa ba sa rabuwa a juji.

Sai na iso layin mahaifa.
Littafin ya ce tsallaken teku,
can ƙasashen Amurka masu zafi.
Na goge gilashina, na sake karantawa.
Bai faɗi jirgin da ya ɗauko ta ba,
ko a gindin buhu ta ɓuya,
ko a tsagar katako.

Da na gaya wa Goggo, tana tsince shinkafa,
ko kai ba ta ɗaga ba.
Ta ce, "Baƙuwa? To ta tattara ta koma mu gani.
Su can sun san daɗinta a kwaɗo?"

Na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.
Makon jiya a sakatariya
wani mai jan biro ya ce, "Kai ɗan ina ne?"
Na ce nan Kakuri aka binne cibiyata.
Ya ce, "Ba kai ba, kakanka."
Na faɗi garin da ban taɓa kwana ba,
ya turo mini takardata da bayan hannu.

Yanzu ga ta a bushe a kan farin kwali,
na liƙe ta da gam wuri huɗu.
Na cike layin kamar yadda littafi ya ce,
don ina son makina.
Amma a ƙasa, da fensir, ƙanana-ƙanana,
na ƙara: an same ta a Kakuri, ta yi 'ya'ya,
saiwarta sai da na sa hannu biyu.